Kamfanin da ke mutuwa tare da maigida: abin da alhazanmu za su koya daga gidan Ɗantata

Ranar 28 ga watan Yunin 2025 Allah ya yi wa Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata rasuwa yana da shekara 94, aka kai shi Madina aka yi masa sutura a can. Kwana da kwanaki gidajen rediyo da shafukan intanet suna ta lissafa dukiyarsa da irin alherin da ya yi wa masallatai da makarantu da asibitoci. Akwai wani lissafin da ya kamata a ce ƴan kasuwarmu na nan Nijar sun tsaya a kansa. Mahaifin marigayin, Alhassan Ɗantata, ya rasu ne a 1955. Shekara 70 ke nan tsakanin rasuwar uba da ta ɗa, kuma a duk tsawon wannan lokaci sunan gidan bai taɓa fita daga kasuwa ba. Yau ma mutumin da ya fi kowa kuɗi a Afirka, Aliko Dangote, tattaɓa-kunnen Alhassan ne ta wajen uwa.

To, mai karatu, in kana Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Ƙonni, ka tuno manyan alhazan da ka taso kana jin sunansu, waɗanda kamyonsu ke cika hanyar Ɗan Isa ko ta Magarya, waɗanda ƙofar gidansu ba ta rabuwa da jama'a tun daga asuba. Nawa ne a cikinsu kasuwancinsu ya ƙara shekara goma bayan an yi musu addu'ar arba'in? Akwai su, Allah ya ƙara musu albarka, amma ba su da yawa. Abin da muka fi sabawa da gani kowa ya san shi. Ana gama zaman makoki a shiga rabon gado. Wannan ya ɗauki kamyo biyu, wancan ya ɗauki mangaza, mata su karɓi tumuninsu, a sayar da fili don a cika lissafi. Yaran maigida da suka yi shekara talatin suna yi masa fatauci su watse, kowa ya kama gabansa. Waɗanda marigayin ke bi bashi su yi gum, tunda babu takarda. Waɗanda ke binsa kuwa su zo da shaidu. Bayan ƴan shekaru sai ka wuce ta ƙofar gidan ka tarar da mota ɗaya a kan duwatsu, awaki na kwance a ƙarƙashinta.

Neman kuɗi ba wanda zai koya wa alhazanmu. Inda muke da rauni shi ne mayar da arzikin mutum ɗaya ya zama kamfanin da zai ci gaba da aiki ko mai shi yana nan ko ba ya nan.

Kada a ɗauka raina su nake yi. Duk wanda ya san tarihin Maraɗi ya san cewa waɗannan mutane sun taso ne daga sayen gyaɗa a kasuwannin ƙauye suna kai wa gidajen cinikin Turawa, daga baya kuma suna kai wa SONARA da gwamnati ta kafa a 1962. Lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, sun gane abin da Arewacin Najeriya ke buƙata suka kai mata. Da farin 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya suka karya noman gyaɗa, ba su zauna kuka ba, suka koma shigo da atamfa da taba da shinkafa ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome suna tsallakar da su kudu. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, suka rayu. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, suka rayu. An sake rufe iyaka a 2019, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har yanzu kasuwa na ci. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya wallafa littafi guda a kan alhazan Maraɗi a 1986, kuma abin da ya gano shi ne abin da kowane ɗan kasuwa a garin ya riga ya sani: ƙarfin alhaji yana ga arzikin mutane, wato yawan baran da ke ƙarƙashinsa da amanar da ke tsakanin ubangida da bara. Da kalma ɗaya ta waya ana sakin kayan miliyoyi daga Kano zuwa Maraɗi, ba tare da an sa hannu a ko'ina ba.

Wannan amana ita ce jarinmu, ita ce kuma inda bango ya tsage. Dukan lissafin yana cikin kan mutum ɗaya. Shi ya san wa ake bi, wa ke bi, wane ɗan duwan ne ake yi wa magana, wane dillali ne a Kwatano ba ya cin amana. Aljihun gida da aljihun ciniki ɗaya ne: daga kuɗin da za a sari sukari ake biyan kujerar Makka ta surukai da kayan ɗakin amarya. Muddin maigida na da rai da lafiya, abin na tafiya, don shi ya san iyakar abin da zai ciro. Ranar da ya kwanta, babu wanda ya san ko ribar bara ake ci ko uwar kuɗi.

Alhassan Ɗantata ma daga irin wannan tsari ya fito. An haife shi a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Ya taso maraya, ya yi almajiranci, ya yi zama a Akkara inda mahaifiyarsa ke ciniki. Abin da ya fara bambanta shi da sauran fatake shi ne ya lura da hanya. Yayin da ayari ke kwashe watanni a ƙasa da jakuna, shi ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Gana ta yau zuwa Legas. Da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Legas zuwa Kano a 1912, ya riga ya san amfanin sufuri mai sauri, ya kuma san Turawan gaɓar teku da yadda suke ciniki. A 1918 kamfanin Niger Company (sunan kogin Kwara ya ɗauka, ba na ƙasarmu ba), wanda daga baya ya narke cikin UAC, ya ɗauke shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Ya baza wakilai cikin ƙauyuka, yana ba su kuɗi tun kafin kaka, har buhunan da yake tarawa suka zama cikin dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita.

Duk wannan, alhazanmu na zamanin gyaɗa sun yi kwatankwacinsa. Bambancin ya fito ne a abubuwan da ba su da daɗin ba da labari. A 1929, da bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano, Alhassan ya kai kuɗinsa na azurfa, kayan raƙumi ashirin, ya ajiye. A zamanin da attajiri ke binne kuɗi a ɗaki, wannan mutum ya yarda wani baƙo ya ƙirga dukiyarsa ya rubuta a littafi. Ya ɗauki akawu masu riƙe masa lissafi. Cinikinsa ya samu suna na kamfani, Alhassan Dantata and Sons, sunan da ke faɗa wa kowa cewa da ƴaƴa a cikin tafiyar. Kuma ƴaƴan ba a kan kujera aka fara ɗora su ba. Aminu ya shiga aikin gidan a 1948 yana ɗan shekara 17 a matsayin mai sayen amfanin gona, daga baya aka tura shi ya riƙe reshen Sakkwato. Masu ba da tarihin gidan sun ruwaito cewa da Alhassan ya ji ciwon ajali ya tara ƴaƴansa ya yi musu wasiyya su zauna lafiya da juna, kada su bari kamfanin ya rushe. Bayan rasuwarsa Ahmadu ya ja ragama, da shi ma ya rasu a 1960 Aminu ya karɓa. Mutuwa biyu cikin shekara biyar, kamfani bai faɗi ba, domin akwai wanda aka riga aka horar, akwai kuma littafin da zai buɗe ya ga inda aka tsaya.

Ba wai ƴaƴan Ɗantata sun dawwama suna ci a ƙwarya ɗaya ba ne. Da yawansu sun kafa nasu harkokin, kamar Sanusi Ɗantata, kakan Aliko. Amma uwar tukunyar ba a fasa ta ba, shi ya sa a 1977, da Aliko ya so fara nasa cinikin yana ɗan shekara 20, akwai kawun da ke da ƙarfin ba shi rancen jari. A lura, rance aka ba shi, ya kuma biya.

Labarin Dangote an sha ba da shi, ba sai na maimaita ba. Abu biyu kawai nake so a riƙe. Ya yi kusan shekara ashirin yana abin da alhazanmu ke yi, wato shigo da siminti da sukari da shinkafa yana sayarwa, kafin ya juya ya zuba ribar cikin masana'antu, daga matatar sukari ta Apapa zuwa kamfanin siminti na Obajana, har zuwa matatar man fetur ta Lekki mai tace ganga dubu 650 a yini, wadda aka ƙaddamar a Mayun 2023. Na biyun ya fi wannan wuya ga ɗan kasuwa Bahaushe: a 2010 ya kai kamfanin simintinsa kasuwar hannun jari ta Legas. Ma'anar haka ita ce duk shekara dole ya buɗe lissafinsa ga masu bincike na waje, ya buga ribarsa da bashinsa kowa ya gani, ya zauna a gaban masu ƙaramin hannun jari su yi masa tambaya. A 2025 ya sauka daga shugabancin hukumar gudanarwar kamfanin sukari da ta siminti, aka naɗa wasu da ba danginsa ba, ƴaƴansa mata kuma suna riƙe da muƙamai a cikin rukunin kamfanonin. Yana raye, da lafiyarsa, yake gwada ko abin zai tafi ba tare da shi ba.

Na san abin da wani zai ce: ai Dangote gwamnati ce ta ɗaga shi. Akwai gaskiya a ciki. Manufar da gwamnatin Obasanjo ta fito da ita a 2002, wadda ta taƙaita izinin shigo da siminti ga masu gina masana'anta a cikin gida, ta yi masa rana ƙwarai, kuma har gobe ana zarginsa da danne abokan gasa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, alhazanmu ma sun ci moriyar gwamnatoci. An ba da lasisin shigo da kaya, an ba da kwangilar abinci da ta gine-gine, an yafe kuɗin duwan, tun daga zamanin Diori har zuwa yau. Kusanci da masu mulki yana kawo kuɗi a ko'ina. Tambayar ita ce me aka gina da kuɗin, kuma wa zai riƙe shi in mulki ya sauya ko maigida ya kau.

Hujjar da na fi ji a bakin mutane ita ce ta gado. Wai shari'a ta ce a raba, don haka babu yadda za a yi dukiya ta zauna wuri ɗaya. Wannan magana tana buƙatar a zauna da ita, don a nan ne mafi yawan gidaje ke rushewa. Shari'a ta ƙayyade rabon kowa: mata su raba tumuni in akwai ƴaƴa, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, iyaye su samu nasu. Ba wanda ke da ikon taɓa wannan. Amma shari'a ba ta ce dole sai an tsinka kamyo an raba tayoyi ba. Mu ɗauki misali: mutum ya bar kamyo goma da mangaza biyu, da mata uku da ƴaƴa ashirin. In aka ce sai kowa ya riƙe abinsa a hannu, dole a sayar da mafi yawa, galibi da araha don ana sauri. Abin da ya fi motocin daraja kuwa ba ya sayuwa: abokan cinikin da suka saba, direbobin da aka yarda da su, bashin da banki ke bayarwa saboda sunan gidan, dillalin Kwatano da ke sakin kaya kafin a biya. Duk wannan yana tafiya a banza ranar rabo, ba wanda ya gaje shi. In kuwa tun maigida na da rai ya mayar da harkar kamfani mai hannun jari, abin da za a raba shi ne hannun jarin, daidai yadda Allah ya ƙayyade, motoci kuma su ci gaba da tafiya. Marainiyar da ke aji uku ta samu rabonta na riba duk shekara. Wanda ke son kuɗinsa a hannu ya sayar wa ƴan'uwansa nasa kason bisa farashin da masana suka ƙiyasta. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu suna da babin tarayya da na ƙiradi, inda wani ke kawo jari wani ya kawo aiki. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abin mamaki ne a ce mutumin da ya je Makka sau goma yana jin kunyar ce wa abokin cinikinsa su rubuta.

Dokar ƙasa ma ba ta hana ba. Nijar na cikin ƙasashen OHADA tun yarjejeniyar 1993, kuma dokokinta sun tanadi nau'o'in kamfani irin su SARL da SA waɗanda mutuwar mai hannun jari ba ta kashe su. Akwai Maison de l'Entreprise da aka buɗe don a yi rajista a wuri ɗaya. Misalin cikin gida ma akwai: Niger Lait, da Madam Maïda Zeinabou ta fara da ɗan ƙaramin jari a Yamai a 1994, ya zama kamfani mai tsari da ake shan nononsa a faɗin ƙasa. Sai dai a kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda ƙasashe takwas masu amfani da sefa suka yi tarayya a kanta, sunan Nijar na fitowa ne ta bankin BOA Niger kaɗai, shi ma reshen wani rukuni ne na waje. Duk yawan albasar Galmi da ke cika kasuwannin Akkara da Abijan, duk dabbobin da muke turawa kudu, babu gidan ɗan kasuwarmu ko ɗaya a can.

Akwai tsoron da na yarda yana da tushe, shi ne na haraji. Ɗan kasuwa yana ganin maƙwabcinsa da ya yi rajista ya karɓi lambar NIF ya zama saniyar tatsa, yau wannan ofishi gobe wancan, shi kuwa da ke ciniki a ɓoye ba wanda ya san yawan abin da yake juyawa. Muddin mai gaskiya ne ke shan wuya, wa'azin a rubuta lissafi ba zai shiga kunne ba. A nan hukuma ce ke da aiki: ta sauƙaƙa biyan haraji, ta sa ya zama abin da mutum zai iya lissafawa tun farkon shekara, ta kuma rage wa magada kuɗin sauya sunan dukiya in sun zaɓi su bar kamfani a haɗe. Kamfanin da ya rayu shekara hamsin yana biyan kaɗan-kaɗan ya fi wa baitulmali amfani a kan wanda aka matse shekara biyar ya mutu.

Sauran matsalar kuwa a cikin gida take, kuma ba doka ce za ta gyara ta ba. Alhaji ya tura ɗansa karatun lissafin kuɗi a Yamai ko Dakar ko Maroko, yaro ya dawo da digiri, amma ba a yarda ya ga littafin ciniki ba, sai dai a aike shi banki da ambulan. In ya ce Baba a ɗauki kwantabul, a raba kuɗin cefane da na kasuwa, sai a ce boko ya ɓata shi, ko a fara raɗe-raɗin yana jiran mutuwar ubansa. Ƴaƴa mata kuwa ba a ma sa su cikin lissafi, alhali sau da yawa su suka fi riƙe amana. Babban baran da ya san sirrin kasuwar ciki da waje ba shi da kaso ko na sisi, don haka ranar da maigida ya rasu ba abin da zai riƙe shi, sai ya tafi da abokan cinikin ya buɗe nasa. Laifinsa ne? Shekara talatin yana ɗaukar jinka, ba a taɓa ce masa ga naka ɗaki ba. Gidajen da ke da uwa fiye da ɗaya su suka fi kowa buƙatar a fayyace komai a rubuce tun da wuri, su ne kuma suka fi gudun maganar, don kowane ɗaki na zargin ɗayan.

Abin da ya sa nake ganin lokaci ya ƙure shi ne hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka aza harsashinta a Fabrairun 2021. Jirgin 1912 ya ɗaga waɗanda suka shirya a Kano, ya bar fataken jakuna a baya. In wannan ya iso, masu kayan da za su cika taragu ba za su yi ciniki da kalmar baka ba. Za su nemi kamfani mai rajista da lissafin shekara uku da banki ya amince da shi, wanda za a iya ƙulla yarjejeniyar shekara goma da shi ba tare da fargabar abin da zai faru in mutum ɗaya ya kwanta asibiti ba. In ba a same shi a Maraɗi ba, za a zo da shi daga Kano ko Legas, ƴaƴan alhazanmu su koma masu yi musu dako da gadi.

Reshen Majalisar Ƴan Kasuwa na kowace jiha zai iya fara abu mai sauƙi tun bana: ya tara manyan ƴan kasuwa da malaman da ke raba gado da alƙalai da masana lissafi a zaure ɗaya, a fitar da samfurin takardar tarayyar iyali da Hausa, da boko da ajami, wadda malami ya duba ya ce ba ta saɓa wa shari'a ba, kotu kuma ta ce za ta yi aiki da ita. A fara da gida biyar da suka yarda a Maraɗi, biyar a Damagaram, biyar a Tawa.